BAYAN BAK, SAI INA? Magana ga iyaye masu bi



Kowace shekara, sa'ad da damina ta zauna, mutane suna fama da noman fari, akwai gidaje da yawa a Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai waɗanda hankalinsu ba ya wurin gona. Suna da yaro ko yarinya a ajin ƙarshe na lise, ana jiran sakamakon bak. In sunan yaro ya fito, sai guɗa ta tashi, maƙwabta su zo barka. Daidai ne a yi murna, gama jarrabawar nan ba ta da sauƙi. A 2021, da 2022, da 2023, waɗanda suka ci ba su kai ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ba. Amma bayan kwana biyu, baƙi sun watse, sai tambaya ta shigo gida ta zauna: to, yanzu sai ina? Wace makaranta? Wane karatu? Da wane kuɗi?

A nan iyaye sukan rabu kashi biyu. Waɗansu su ce, "Ni ban yi nisa a lakwal ba. Kai ka san takardunka, je ka yi abin da ka ga ya fi." Su kakkaɓe hannu, su bar yaro ɗan shekara goma sha takwas da kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Waɗansu kuma su ce, "Na riga na yanke. Likita za ka zama, ko kana so ko ba ka so." Na fari ya yi sakaci, na biyu ya yi danniya. Dukansu sun manta da abu ɗaya: yaron nan na Allah ne, amana aka ba su. Wanda aka ba amana ba ya jefar da ita, ba ya kuma mai da ita tasa. Abin da za mu duba a 'yar takardan nan ke nan: yadda uba da uwa za su zauna tare da ɗansu, su nemi hanyar da ta dace da baiwar da Allah ya sa a cikinsa, su bi ta da gaskiya.

SULKEN SAUL

Mai karatu, ka tuna da labarin Dawuda a littafin Sama'ila na fari, sura 17. Sa'ad da saurayin ya tashi zai fita wurin Goliyat, sarki Saul ya kwaɓe nasa kayan yaƙi ya sa masa: kwalkwalin tagulla, da sulke, da takobi. Saul ba mugunta ya nufa ba. Abin da ya fi daraja a wurinsa shi ya bayar. Amma da Dawuda ya gwada tafiya, sai ya kasa, gama bai saba da su ba. Ya tuɓe su, ya ɗauki majajjawarsa, ya zaɓi duwatsu biyar a rafi. Da majajjawar makiyayi Allah ya ba Isra'ila nasara ran nan. Ka lura kuma da abin kirki ɗaya da Saul ya yi: bai tilasta masa ba.

Iyaye da yawa suna ɗauke da sulke irin wannan. Uban da ya so ya zama likita amma talauci ya hana shi, yana so ɗansa ya gama masa burin. Uwar da ta ga ɗan maƙwabciya da motar gwamnati, tana so nata ɗan ya shiga ofis. Ƙauna ce, amma a ƙarƙashinta akwai girman kai da gasa. Yaron da ba ya iya ganin jini, ko wanda lissafi da kimiyya suke ba shi wuya tun daga kwalej, in aka tura shi karatun likita, wanda yakan ci shekara bakwai ko fiye, zai sha wahala, ya maimaita aji, wataƙila a kore shi. Sa'an nan ya komo gida da kunya, yana tsammani shi ba kome ba ne, alhali kuwa sulken ne bai dace da shi ba.

Allah ba ya raina kowace sana'a ta gaskiya. A Fitowa sura 31, shi da kansa ya kira Bezalel, ya cika shi da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da tagulla, da sassaƙar dutse da itace. Luka likita ne. Bulus ya yi karatu mai zurfi a wurin Gamaliyel a Urushalima, duk da haka da ɗinkin tanti ya ci abinci. Ubangijinmu kansa, mutanen Nazarat da masassaƙi suka san shi. In haka ne, wa ya ce mana mai gyaran famfo, da malamin gona, da ungozoma, da mai koyar da yara a ƙauye sun fi mai zama a ofis ƙanƙanta?

YAYA ZA KA GANE BAIWAR ƊANKA?

Kada ka ce ba ka yi karatu ba. Mu da yawa a firamare muka tsaya, amma mun san lissafin kasuwa. Takardar maki da makaranta take ba yaro, kowane darasi a kan 20 ake auna shi, 10 kuwa shi ne rabi. Ka sa a karanta maka sunayen darussan, lambobin kai ma za ka gane su. Kada ka dubi ta shekara ɗaya kaɗai. Ka tara na shekara uku, ka ga inda yaron yake tsaye da ƙarfi kullum, da inda yake ɗingishi kullum. Ka je makaranta ka gai da mushensa, ka tambaye shi. Matambayi ba ya ɓata.

Ka duba kuma abin da takarda ba ta nunawa. Wane yaro ne ake kira in rediyo ta lalace? Wace yarinya ce take zama kusa da kaka in ba ta da lafiya? Wane ne ƙanne suke taruwa wurinsa da dare ya koya musu? Uwa takan ga waɗannan abubuwa tun kafin uba, saboda haka kada a yi shawara ba tare da ita ba.

Bayan wannan sai a zauna da yaron kansa. Na sani al'adarmu tana da kunya, balle tsakanin iyaye da ɗan fari, wanda ko sunansa ba a kira. Kunya ado ce, amma kada ta zama bango. In bakinka ya yi nauyi, ka sa kawunsa, ko gwaggonsa, ko wani dattijon ikilisiya ya zauna tare da ku. Ka ce masa, "Ɗana, wane darasi ne in kana yinsa ba ka jin rana ta tafi? Wane aiki kake ganin za ka iya yi wa Allah da mutane da shi?" In ka tambaya, sai ka yi shiru ka saurara har ya gama. In ya ce, "Baba, ni aikin gona na zamani nake so," kada ka yi tsaki. In kuwa abin da yake so mafarki ne wanda makinsa ba su kai ba, ka nuna masa lambobin da taushin murya. Gaskiya ce za ta raba ku gardama.

BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jira sai bak ta fito. Ashe zaɓen yakan fara tun shekara uku kafin nan, sa'ad da yaro ya ci jarrabawar ƙarshen kwalej zai shiga lise. A nan ake raba hanyoyi. Layin A na harsuna ne, da falsafa, da tarihi, da labarin ƙasa. Yana kai mutum ga shari'a, da koyarwa, da aikin jarida, da makamantansu. Layin C na lissafi ne da kimiyyar fizik, hanyar injiniyoyi. Layin D yana haɗa lissafi da ilmin halittu, shi ne yawancin masu neman aikin likita da magani da noma suke bi. Akwai kuma layukan fasaha, E da F, da layin G na riƙon littattafan kuɗi da aikin ofis, irin waɗanda ake koyarwa a makarantun fasaha kamar lisen Ɗan Kasawa a Maradi. Wanda ya yi shekara uku a layin A ba zai tashi rana ɗaya ya ce aikin likita zai koya ba. Ƙofar ta rufe tun da daɗewa, shi da iyayensa ba su sani ba. Domin haka, kai mai yaro a kwalej, maganan nan taka ce tun yau.

Takardu ma a shirya su da wuri: takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da takardun maki, da hotuna, da kofe waɗanda hukuma ta buga wa hatimi. A duba ko sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kan dukansu. Harafi ɗaya da ya saɓa yakan tsai da yaro wata da watanni. A riƙa sauraron sanarwa kuma, gama kowace makaranta tana da ranar rufe karɓar takardu, yanzu kuwa ana yin rajista da yawa ta intanet. In ranar ta wuce, roƙo ba ya buɗe ta.

MAKARANTUN ƘASARMU

A zamanin iyayenmu ƙofa ɗaya ce. An buɗe cibiyar ilmi mai zurfi a Yamai a 1971, ta zama jami'a a 1973, a 1992 kuma aka sa mata sunan Abdu Mumuni. Mutumin nan ɗan Tasawa ne, an haife shi a 1929, ya rasu a 1991. Ya yi karatu a Faransa, ya komo gida, ya ba da ransa ga binciken yadda za a mori hasken rana. Ranar da take ƙona mu, ita ya mai da abin aiki. Wannan misali ne mai kyau ga yaranmu: ilmin da ya dubi bukatar ƙasa.

Yau ƙofofin sun yi yawa. A 2010 aka kafa jami'o'i a Maradi da Damagaram da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Maradi tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ta Damagaram sunan Andire Salifu, ta Tawa sunan Jibo Hamani. Kowace tana da fannin da ta fi ƙarfi: a Maradi akwai noma da kimiyya da kiwon lafiya, a Tawa akwai shari'a da tattalin arziki, a Damagaram akwai adabi da ilmin zaman jama'a da kiwon lafiya. Tsarin karatun hawa uku ne: lisansi shekara uku, masta shekara biyu, dakta shekara uku. A jami'o'in Maradi da Damagaram da Tawa akwai kuma sashen fasaha da ake kira IUT, inda karatun ya fi gajarta, ya fi kuma kusa da aikin hannu.

Ban da jami'a, akwai makarantun sana'a. EMIG a Yamai tana horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Makarantar raya karkara ta Kolo tana fitar da malaman gona da na dabbobi da na daji. Akwai makarantun kiwon lafiya na gwamnati a Yamai da Damagaram, inda ake koyon jinya da ungozomanci, akwai kuma makarantun horar da malamai. Yawancin waɗannan da gasar jarrabawa ake shigarsu, wadda muke kira konkur, wuraren kuwa kaɗan ne. Saboda haka kada yaro ya rataya zuciyarsa ga ƙofa ɗaya. Ku zaɓi uku tare: wadda ya fi so, da wadda makinsa suka isa ba shakka, da wadda aljihunku zai iya ko da taimako bai zo ba.

A ZAUNA A YI LISSAFI

A Luka sura 14 Ubangiji ya ba da misalin mai son gina hasumiya. Mai hankali yakan fara zama ya lasafta kuɗin, domin kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, masu wucewa su yi masa dariya. A kan bin sa ne ya yi maganar, amma hikimar ta shafi kowane babban aiki. Karatun da aka fara aka yar a tsakiya, gini ne marar rufi.

Ku ɗauki takarda, kai da matarka da yaron, ku rubuta kome: kuɗin rajista, da ɗaki, da abinci, da kuɗin mota, da littattafai, da waya, da magani in ciwo ya zo. Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, daga Damagaram kuwa wajen 900 ne. Yaron da ya yi karatu kusa da gida, buhun hatsi da ƙullin kuka suna iya kai masa ranar kasuwa. Ɗakunan kwana na jami'a ba su isa kowa ba. Hukumar ANAB tana ba da bursu da tallafi bisa ga sharuɗɗa, ya kamata a nema da wuri, amma ba kowa yake samu ba, wanda ya samu ma wani lokaci yakan jira. Kada ku ɗora ginin duka a kan bursu. Ku tuna kuma, yajin aiki da jinkirin shekarar karatu sukan sa shekara uku ta zama huɗu. Ku sa wannan cikin lissafi.

Ku bar yaron ya ga lambobin da idonsa. Iyaye da yawa suna ɓoye talaucinsu don kunya, yaro kuwa yana can yana tsammani akwai, yana fushi in kuɗi bai zo ba. Wanda ya san jikka nawa ake samu daga buhun wake, ba zai kashe ta a banza ba. Kada kuma ku manta da ƙannensa. Ba adalci ba ne a sayar da gonar gado, ko a fitar da ƙanne uku daga makaranta, domin mutum ɗaya ya tafi ƙasar waje. Saniya in an sayar, wata za ta haifu. Gona in ta tafi, da wuya ta komo.

Ikilisiya ma tana da rabo a nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In akwai maraya a cikinmu mai ƙoƙari, ko ɗan gwauruwa, ya kamata dattawa su sani, a yi baiko dominsa. Waɗanda suka riga suka yi jami'a a cikinmu, su ba da yamma ɗaya su zauna da iyaye da yara su bayyana musu hanya. Wannan ma hidima ce a gaban Allah.

MAKARANTUN KUƊI DA NA ƘASASHEN WAJE

Makarantu masu zaman kansu sun yi yawa a biranenmu. Waɗansu na kirki ne, waɗansu kuwa allo ne mai kyau a bakin ƙofa kawai. Kafin ka biya ko dala, ka yi tambaya uku. Gwamnati ta ba makarantar izini? Takardar da take bayarwa, hukuma ta yarda da ita? Waɗanda suka gama a can, ina suke aiki? Akwai majalisar da ake kira CAMES, wadda shugabannin ƙasashen Afirka suka kafa a Yamai a 1968, mazauninta yana Wagadugu. Tana duba takardun manyan makarantu, tana tabbatar da waɗanda suka cika sharaɗi. Ka sa mai ilmi ya bincika maka. In da hali, ka je da ƙafarka ka ga azuzuwan. Gani ya kori ji.

Haka kuma ƙasashen waje. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da karɓar takardun digiri daga Binin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. Akwai makarantun kirki a ƙasashen nan, amma masu sayar da takarda sun jawo wa masu gaskiya wahala. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, ɗalibai baƙi da yawa suka gudu daga Kartum, karatunsu ya tsaya. A cikin 2023 ɗin nan kuma Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar biza, ta rufe ofishin jakadancinta a Yamai a farkon 2024. Wanda ya sa begensa duka a kan hanya ɗaya ta waje, ya ga yadda takan rufe dare ɗaya.

Waɗansunmu suna duban Nijeriya, gama Kano da Zariya da Sakkwato ba su da nisa, Hausa kuma ake ji a kasuwa. Amma a aji da Ingilishi ake koyarwa. Shiga jami'a a can yakan bi ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Jarrabawarta a kan kwamfuta ake yi, Ingilishi kuwa dole ne a cikinta. Yaron da ya yi karatunsa duka da Faransanci yana bukatar lokaci ya koyi harshen tukuna. A tambaya kuma ko za a karɓi takardar a gida sa'ad da ya komo.

HANYAR GASKIYA

A lokacin nan ne Shaiɗan yakan zo wa iyaye da murya mai daɗi. Wani zai ce maka, "Kawo kaza, in sa sunan ɗanka cikin waɗanda suka ci konkur." Wani zai ce, "Bari a rage masa shekara biyu a takarda, don ya sami bursu." Wani kuma yana sayar da tambayoyin jarrabawa ta waya. Za a ce maka kowa yana yi. Ɗan'uwa, kai ba kowa ba ne, an saye ka da jinin Almasihu. Wurin da ka saya wa ɗanka, na ɗan wani talaka ne wanda ya yi karatu da fitilar hannu. Sata ce, ko da ba a fasa ƙofa ba.

Ka yi tunani kuma a kan abin da yaron zai koya. Shekara goma sha takwas kana kai shi sujada, kana koya masa kada ya yi ƙarya. Ran da ya ga ka miƙa cin hanci dominsa, wa'azin nan duka ya rushe. Zai fita da darasi ɗaya: bangaskiyar Baba tana aiki ran Lahadi, amma in magana ta yi tsanani, kuɗi ne Allah. Ka tuna da Rifkatu, wadda ta shirya wa Yakubu ruɗi domin ya karɓi albarka. Ya karɓa, amma ya gudu daga gida shekara ashirin, shi ma aka ruɗe shi a gidan Laban. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gara ƙaramar makaranta da lamiri mai tsabta.

'YA'YA MATA FA?

A ƙasarmu wajen mata uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara goma sha takwas. Yarinyar da ta kai har bak ta haye rafuffuka da yawa. Kada a ce mata, "Ya isa haka, kuɗin na wanki ne." Allah bai raba baiwa bisa ga namiji ko mace ba. Debora ta yi wa Isra'ila shari'a. Biriskilla tare da mijinta Akila suka ƙara wa Afolos, mutum mai ilmi, fahimtar hanyar Allah. Ka tambayi kanka: sa'ad da matarka take naƙuda, wa kake so ya karɓi haihuwar? In muna son ungozoma da likita mace, sai mu yarda 'ya'yanmu mata su koya.

Tsoron iyaye ba na banza ba ne. Birni yana da mazambata, yunwa kuma takan tura yarinya inda ba ta so. Amma maganin tsoron shi ne shiri. A nemo mata masauki a gidan masu bi da aka sani. Kada a bar ta ba kuɗin abinci. Uwa ta yi mata magana a fili, mace da mace, kafin ta tafi. A gaya mata kuma, kome ya faru, ƙofar gida a buɗe take.

IN BAI CI BA

Wani yana karanta takardan nan, ɗansa kuwa ya faɗi. Kada ka zage shi a gaban ƙannensa, kada ka gwada shi da ɗan wane. Ciwon da yake ji a zuciya ya ishe shi. Ka bar kwanaki su wuce, sa'an nan ku zauna ku duba dalili. In ƙwazo ne ya gaza, ya sake zama. In kuwa ya gwada sau biyu, sau uku, hanyar ba ta buɗe ba, wataƙila majajjawarsa tana wani wuri: wutar lantarki, ko aikin hasken rana, ko gini, ko ɗinki, ko noman rani, ko kiwo. Darajar ɗanka a gaban Allah ba a kan 20 ake auna ta ba. Almasihu ya mutu dominsa tun bai zauna kowace jarrabawa ba.

ABIN DA ZAI TAFI DA SHI

Daniyel saurayi ne sa'ad da aka kai shi Babila. Aka sa shi makarantar sarki shekara uku, aka koya masa harshe da littattafan Kaldiyawa, har sunansa aka sāke. Ba uba kusa, ba uwa, ba Haikali. Ya koyi ilminsu har ya fi 'yan ƙasar, amma ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Ina ya samo wannan ƙuduri? Ba a Babila ba. Daga gida ya zo da shi. Yana kuma da abokai uku masu tsoron Allah, waɗanda ya nema su yi addu'a tare sa'ad da rai ya kai ga wuya.

Ɗanka zai sadu da malamai masu cewa babu Allah, da abokai masu yi masa ba'a saboda sunan Yesu, da waɗansu masu jan sa ga giya da ƙwaya da caca ta waya. Ba za ka iya bin sa can ba. Abin da ka shuka a cikinsa, shi zai bi shi. Tun yana gida, ka bar shi ya yi tambayoyi masu wuya, kada ka tsawata masa. Kafin ya tafi, ka nemi ikilisiya a garin, ka sa fastonku ya rubuta masa takarda zuwa ga faston can. Ka haɗa shi da ƙungiyar ɗalibai masu nazarin Littafi Mai Tsarki. Ran tafiya ku taru, ku ɗora masa hannu, ku sa masa albarka da baki, ya ji da kunnensa.

Bayan ya tafi, ku yi koyi da Hannatu. Ta miƙa Sama'ila ga Ubangiji a Shilo, ba ta karɓe shi ba, amma kowace shekara takan ɗinka masa 'yar riga ta kai masa. Ka lura, yaro yana girma, tilas rigar bana ta fi ta bara. Haka ku ma: ku kira shi, ku tambayi lafiyar ruhunsa kamar yadda kuke tambayar makinsa, ku riƙa ƙara masa 'yanci yadda yake ƙara hankali.

Kai fa, uba, ke fa, uwa, kun ba da kanku ga wannan Ubangiji? Ba mai iya ba ɗansa abin da shi kansa ba shi da shi. In ba ka san Yesu Mai Ceto ba tukuna, yau ka tuba ka gaskata da shi, sa'an nan ka miƙa masa gidanka duka.

ADDU'A

Ya Uba na sama, mun gode maka saboda 'ya'yan da ka ba mu amana. Ka buɗe idanunmu mu ga baiwar da ka sa a cikin kowannensu. Ka tsare mu daga girman kai, da sakaci, da hanyar ƙarya. Ka ba mu abin da za mu riƙe su da shi, ka buɗe musu ƙofar da ta dace. Inda ƙafarmu ba ta kaiwa, kai ka tafi tare da su, ka komo da su da ilmi da bangaskiya, su zama albarka ga ikilisiyarka da ƙasarmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.